Motar iyali daga Liyon zuwa Garwa: ƙaramin haibirid ko fetur zalla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Garwa ne, ina aiki a Liyon ta Faransa, da mata da 'ya'ya uku. Ina so in sayi mota ta hannu, in mora shekara uku ko huɗu, sannan in tura ta gida ƙanena ya riƙa kai Inna asibiti, mu ma in mun zo hutu mu samu abin hawa. Mai sayarwa ya nace in ɗauki wadda aka rubuta wa MHEV, wai ba ta shan mai, amma ta ɗara ta fetur zalla da Yuro 1,500. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya. Tunda ka ce ƙarshenta Garwa, ɗauki ta fetur zalla, ita ma mai injin da ba shi da tarkace. Da a Faransa za ta tsufa, da ba mu hana ka waccan ba.

Bari mu fara da abin da ake sayar maka. MHEV, ko hybride léger a bakin Faransawa, motar fetur ce da aka ƙara wa ɗan batirin litiyam, galibi mai bolt 48, da wata na'ura da bel ke juyawa a gurbin altaneta. In ka taka birki sai na'urar ta tara wuta, in ka tashi daga danja sai ta ɗan tura injin, ita ce kuma ke sake tada shi bayan ya mutu a cunkoso. Iyakarta ke nan. Akasarinsu ba sa tafiya da lantarki kaɗai, kada ka haɗa su da cikakken haibirid irin na Prius.

Ga lissafi, ka sa naka alkaluman. A ce kana yin kilomita 12,000 a shekara, ta fetur tana shan lita 6.5 a kilomita ɗari, waccan ta rage maka rabin lita. Lita 60 ke nan a shekara. In lita tana Yuro 1.80, ka tsira da Yuro 108, wajen sefa 70,000. Kafin Yuro 1,500 ɗinka su dawo an yi shekara goma sha huɗu, kai kuwa huɗu za ka yi da ita. A babbar hanya ma ragin bai kai haka ba, don ba ka yawan taka birki. Ta fuskar takarda babu riba: motar fetur da aka fara yi wa rajista daga 2011 zuwa yau tana samun Crit'Air 1, wato lambar da Faransa ke bai wa motoci gwargwadon hayaƙinsu, daidai da ƙaramin haibirid ɗin.

Matsalar tana can gida. A motar fetur, in altaneta ta mutu, mai wayarin na Garwa zai kwance ta, ya sauya gawayi, kafin la'asar ƙanenka ya kama hanya. A MHEV, batirin 48 ne ke ciyar da na 12 ta wani akwatin rage ƙarfin wuta. Ɗaya ya samu matsala, ko na'urar, ko akwatin, ko batirin, sai cajin ya tsaya, fitilu su cika gaban direba, motar ta mutu a hanya. Kayan ba sa zube a kasuwa, sai an yi odarsu, in sun iso kuma sau da yawa sai an haɗa su da kwakwalwar motar da kwamfutar gwaji ta kamfanin. Bel ɗin da abin ɗaure shi su ma na musamman ne, sun fi saurin gajiya saboda nauyin da suke ɗauka.

Sai zafi da ruwa. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, kai kuma ka san Garwa a watan Maris da Afrilu, ta haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Wurin zaman batirin yawanci ƙarƙashin kujera ne ko ƙasan but. Damina ta sauka, mayo, wato rafi, ya kawo, direba ya ce bari ya ratsa, ruwa ya taɓa kafet: an gama. Dogon zama ma yana cutar da shi, ga makonnin jirgin ruwa, ga jiran fito a Duwala.

Wani abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: yawancin waɗannan motoci ƙaramin inji ne mai turbo, mai fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, sababbin kuma da matatar hayaƙi a salansa. Ba sa yafe gurɓataccen mai. Ko ka rantsar da ƙanenka kan gidan mai, wata rana tsakanin Garwa da Marwa zuwa-zuwa, man 'yan bumburutu, zai sha a kwalba, da ƙurarsa da ruwansa, injekta da famfon mai su biya bashin. Wannan gargaɗin ya shafi ta fetur zalla ma in irin wannan injin gare ta. Ka kuma guji injin da bel ɗin taiminsa ke wanka cikin baƙin mai, don in an zuba man da ba nasa ba sai ya ruɓe, ɓurɓushinsa ya toshe matatar famfo.

Nemi inji 1.6 zuwa 2.0 marar turbo, giyar hannu, daga gidan da makanikan arewa suka saba da shi. Toyota Verso mai kujera bakwai, wadda aka daina ƙerawa a 2018, ko RAV4 mai 2.0 in kana son tsayi daga ƙasa saboda ramuka. Amma ka lura da shekaru: a Kamaru harajin shigo da mota yana ƙaruwa in motar ta tsufa. Don haka ko ka tura ta da wuri, ko ka sa ƙarin cikin lissafi.

Takardu. Kada ka karɓe ta a LOA ko LLD, motar haya ce ba taka ba, ba ka da ikon tura ta gida. Wurin saye ka karɓi katin mota da sunan mai sayarwa, takardar sallamawa, shaidar cewa ba jingina a kanta wadda ba ta wuce kwana 15 ba, da gwajin lafiyar mota da bai kai wata shida ba. Ka gwada lambar shasi ta jikin motar da ta takarda harafi bayan harafi, kuskure ɗaya yana iya zaunar da ita a tashar jirgi kuɗin ajiya na hawa. Lokacin turawa za a yi takardar fitarwa ta duwan, wato kwastam, da BESC, takardar bin diddigin kayan jirgin ruwa, a Duwala kuma a yi mata binciken tantance motocin da aka shigo da su, wato CIVIC, a biya haraji da TVA na kashi 19.25. Mai fito ya ba ka lissafi a rubuce tun motar ba ta hau jirgi ba.

Sunan da ke kan takardar jirgi shi ne mai karɓa, kuma sai yana da lambar haraji ta NIU. A nan 'yan'uwa ke ɓatawa. Ku zauna da ƙanenka tun yanzu: sunan wa za a sa a katin Kamaru, wa ke biyan inshora, wa ke zuba mai, in ta lalace aljihun wa. In kyauta ce ka faɗa, in amana ce ka faɗa gaban Inna.

Ka haɗo ta da filtar iska uku ko huɗu saboda ƙurar hunturu, filtar baƙin mai, takalman birki da bel, ka rubuta su cikin jerin kayan da za a nuna wa duwan.