Ƙafata ta ɗoru a juye, akwai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 34, ina Tudun Wadan Zariya. Shekara uku da suka wuce na faɗi a babur, ƙashin cinyata ta dama ya karye, aka yi mini ɗori a gida. Ƙashin ya kama, amma yanzu yatsun ƙafar waje suke kallo, gwiwa tana ciwo, zaman tahiya ma da ƙyar. Akwai gyara ga babba irina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Akwai gyara, kuma shekarunka ba su hana ba.

Bisa bayaninka, alama ta nuna ƙashin ya haɗe ne a murɗe, wato ɓangaren ƙasa ya juya waje kafin ya kama. Shi ya sa gwiwar ke wahala: ƙoƙon gwiwa yana da hanyar da yake bi in an lanƙwasa ƙafa, da zarar cinya ta juya sai ya riƙa gogar gefe guda. Yaro da aka haifa da 'yar murɗiya yakan miƙe da kansa yana girma. Ƙashin babba kuwa ya riga ya ƙosa. Tausa, takalmi na musamman ko man shafawa ba za su juyo da shi ba, kuma don Allah kada ka yarda a sake karya maka shi a gida.

Kafin maganar wuƙa sai an auna. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna murɗiya sosai, hoton siti sikan (na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla) ake yi a gwada ƙafafun biyu. In bambancin ya haura digiri 15, ga kuma ciwo ko wahalar tafiya, a nan ake tunanin tiyata. Wanda ba ya jin ciwo, kamannin ƙafar kawai ke damunsa, ni ban cika ba shi shawarar aiki ba.

Aikin kansa: a yanke ƙashin, a juyo shi daidai gwargwadon awon, a riƙe shi da sandar ƙarfe ta cikin ɓargo ko faranti da kusoshi. Za ka yi wajen mako 6 ko fiye da sandunan dogarawa, ƙashin kuma yakan ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ya haɗe. Gashin ƙashi, wato motsa jiki a hannun ƙwararrun asibiti, bayan aiki wajibi ne, domin naman cinyar ya saba da tsohuwar tafiya.

Akwai haɗari: shigar ƙwayoyin cuta, daskarewar jini a jijiya, taɓuwar jijiyar motsi, ko ƙashi ya ƙi kamawa. Taba sigari na jinkirta haɗuwar ƙashi ƙwarai, in kana sha ka daina tun yanzu. Ciwon suga ko sikila ma ka faɗa wa likita tun farko.

Ka je sashen ƙashi na asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ka tafi da duk tsofaffin hotunanka in akwai.