Amsa ga ɗan'uwanmu mai Fijo 504 da ke yawan zafi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka tayar da 504 ɗin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ka sa mata sabon famfon ruwa amma har yanzu tana zafi tana yoyo, kana tunanin ko ka sayar ka huta. Wallahi da na karanta sai da raina ya sosu, don irin abin da ya same ni ke nan.

Don Allah kada ka sayar. Motar ba ta da laifi, kayan jabu ne suka cika kasuwa.

Ni nawa famfon a kwali aka ba ni, har da hoton zaki, mai shagon yana rantsuwa cewa daga Faransa ya zo. Bakanikena ya ɗaura, muka kama hanyar Zariya da Hajiyarmu za mu gaisuwar rasuwa. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ji ƙara a gaba, tururi ya turnuƙe gilashi. Boris ɗin famfon ne ya watse, fanka ta karkace ta yaga lagireto. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, rana tsaka, babu ko inuwa, na shimfiɗa mata darduma a gefen titi manyan motoci suna watsa mata ƙura. Ba ta ce min komai ba sai "sannu, Allah Ya kiyaye gaba." Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Da na koma wurin mutumin, da farko cewa ya yi ba a shagonsa na saya ba. Na fito da rasit, sai ya ce kayan da aka riga aka ɗaura ba a mayarwa. Ko kallona bai yi ba, yana ta danna waya. Mutumin da muke haɗuwa a sahu ɗaya! Kuɗin ba su dame ni kamar rantsuwar da ya yi ba. Na bar shi da Allah.

To, kafin ka sake sayen komai, a duba tof silinda, wato murfin saman inji. Na 504 alminiyom ne, in ya sha zafi sosai yakan lanƙwashe, gasket ɗin da ke toshe tsakaninsa da jikin inji ya ƙone, ko famfo nawa ka canja a banza. Da safe inji na sanyi ka buɗe murfin lagireto ka tayar da ita. In ruwa na ta fitar da kumfa, ko ka zaro ma'aunin baƙin mai ka gan shi kamar shayi da madara, to aiki ya kai can. Kuma ka tsaya a kansu idan za su buɗe, domin silib ɗin injin nan, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, zare su ake yi, in aka juya inji ba a danne su ba sai su motsa, ruwa ya riƙa sauka cikin mai. Yaran gareji na yanzu da yawa ba su san wannan ba, ka nemi dattijon da ya yi zamani da ita.

Famfo kuwa, ni yanzu tsohon na asali na fi yarda da shi. Tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, waɗanda aka yanka suna da yawa, in ka zaga kasuwar Fanteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu. Ka tafi da tsohon naka a hannu ka gwada nauyinsu, ka juya wanda za ka saya ka girgiza, in yana lilo ko gurnani ka ajiye. Ku yi magana a gaban shaida cewa in bai yi ba za ka dawo da shi.

Robobin birki ma ka yi hattara da sababbin nan, wasu kumbura suke yi cikin man birki, wannan kuma maganar rai ce.

Lagireton fa, an taɓa buɗe shi an soke bututun ɗaya bayan ɗaya, ko wanke shi kawai aka yi? Ka faɗa mana wannan, ka kuma turo hoton inda ruwan yake ɗiga.