Amsa ga Sani a kan hoton ƙirji mai yanka-yanka

Ɗana Sani, jiya da muka sallami mara lafiya na ƙarshe ka tambaye ni game da tomosintesis, wato hoton ƙirjin da aka ce yana gano ƙullutun huhu wanda radiyon (hoton X-ray) da muke ɗauka kullum yake ɓoyewa, kuma ka so ka san ko zai maye gurbin sikana, wato na'urar CT mai zagaya jiki tana ɗaukar hotonsa. Na ga ya fi kyau in rubuta maka amsar, domin ba maganar da za a gama a tsaye bakin ƙofa ba ce.

Ka fara da tuna abin da yake wahalar da mu a hoton da muka saba. Haske yana ratsa ƙirji daga baya zuwa gaba sau ɗaya, sai haƙarƙari da ƙashin gindin wuya da zuciya da jijiyoyin jini su hau kan juna a shafi guda. Ƙullutun da bai wuce ƙwayar wake ba yana iya laɓewa bayan haƙarƙari ba mu gan shi ba, haka kuma inda haƙarƙari biyu suka gitta juna yakan yi inuwa mai kama da ƙullutu alhali babu komai a wurin. Ka san yadda mutum yake leƙa gida ta dannin kara: idan ya tsaya cik, karan zai tare masa ido, amma idan ya karkata kansa dama da hagu, sai abin da ke bayan dannin ya bayyana. Wannan ita ce dabarar na'urar. Bututun hasken yana tafiya a hankali daga sama zuwa ƙasa, yana ɗaukar hotuna kusan 60 masu ƙarancin haske cikin daƙiƙa goma ko sama da haka kaɗan, sannan kwamfuta ta haɗa su ta fitar da ƙirjin yanka-yanka, kowane yanki yana nuna zurfinsa a sarari, sauran kuma su dusashe. Tunanin tsoho ne, domin wani likitan ƙasar Holan, Ziedses des Plantes, ya yi aiki a kansa tun shekarun 1930, sunan tomosintesis kuma wani mai bincike da ake kira Grant ne ya raɗa shi a 1972, amma sai da aka samu allon ɗaukar hoto na dijital kafin ya shiga asibiti sosai.

Amfaninsa ba ƙarami ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2008 daga birnin Gotenbog na ƙasar Suwidin, an gano ƙullutu kusan ninki uku na abin da hoton da muka saba ya nuna, alhali hasken da ya shiga jikin mutum bai wuce milisibat (ma'aunin hasken da jiki ya sha) 0.1 zuwa 0.2 ba, inda sikana ta ƙirji ta kan kai 5 zuwa 7. A ganina, inda ya fi dacewa da mu shi ne warware shakka. Manomi ya taso daga Dakoro ko Tasawa, an ga inuwa a hotonsa, likita bai tabbatar ba ko ƙullutu ce, ko tabon tsohon tarin fuka, ko kuwa ƙashi ne kawai. A irin wannan hali hoton yanka-yanka yana iya rufe maganar a rana ɗaya, ya hutar da bawan Allah daga kuɗin sikana da zullumin da zai kwana da shi.

Amma maye gurbin sikana kam, a'a. Bututun bai zagaya jiki gaba ɗaya ba, kusurwar digiri 30 zuwa 40 kaɗai yake ci, saboda haka bai iya auna zurfi da kyau, kuma ƙullutun da ya manne da bangon ƙirji yakan rikiɗe da haƙarƙari. Ƙullutu mai hazo-hazo, wanda wani lokaci shi ne farkon sankara, yana kuɓuce masa sau da yawa. Duk abin da ya kai girman goro, wato ya haura santimita 3, ko wanda gefensa yake da tsika, ko wanda ya ƙaru tsakanin hoto da hoto, sikana ce za ta yi maganarsa.

Abin da ya rataya a wuyanka kai mai ɗaukar hoto shi ne numfashi. A radiyon da ka saba ƙiftawar ido ta isa, amma a nan dole mutum ya riƙe numfashinsa daƙiƙa goma cur ba motsi, kuma tsohon da tari ya addabe shi a lokacin hunturu ba zai iya haka ba sai ka gwada da shi sau biyu ko uku kafin ka kunna na'ura. Ka yi masa bayani da Hausar da zai gane, ka cire masa laya da sarƙa da duk wani ƙarfe, domin ƙarfe yana jan inuwarsa cikin yankuna da yawa. Idan ka duba ka ga gefen zuciya da jijiyoyi sun yi biyu-biyu, ya motsa ke nan. Ka sanar da likita kafin ka yanke shawarar sake ɗauka.