Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa A Kira Wasa Da Sunan RPG?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A shagon gem da muke zuwa a Tudun Wada gardama ta kaure tsakanina da wani abokina. Shi ya dage cewa Free Fire da PES duk wasannin RPG ne, tunda a cikinsu ma mutum yana sarrafa wani mutum, ni kuma na ce ba haka ba ne, amma da ya nemi hujja sai na rasa ta cewa. Don Allah a fayyace mana abin da wasa zai tara kafin a ba shi wannan suna. Daga wani ɗalibi, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. RPG dai gajarta ce ta Turancin role-playing game, wato wasan da mutum ke taka rawar wani jarumi a cikin labari. Kai ne da gaskiya, ɗan'uwa, kuma hujjarka tana cikin asalin wasan, wanda a kan tebur aka fara shi da takarda da fensir tun kafin ya shiga kwamfuta.

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Dukansu sun fito ne daga cikin masu sha'awar wasannin yaƙi na tebur, waɗanda salsalarsu ke komawa ga Kriegsspiel, wasan da rundunar sojan Furusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, ta karɓa a 1824 domin horar da hafsoshinta, inda alƙali ke zama tsakanin ɓangarori biyu yana yanke abin da kowane umarni ya haifar. A irin waɗancan wasanni mutum runduna guda yake juyawa, kuma idan soja ɗaya ya faɗi babu mai tambayar sunansa. Sabon abin da aka zo da shi a 1974 shi ne kowane ɗan wasa ya riƙe jarumi ɗaya tak, mai suna da sana'a da hali, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa, sannan idan aka tashi daga zaman yau a ajiye jarumin yadda yake, a ɗora daga nan a zama na gaba.

Ana rubuta wannan jarumi a takarda da lambobi. Dungeons & Dragons yana auna shi da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. A tsarin farko akan jefa dayis uku irin na ludo domin kowace siffa, saboda haka lambar ba ta gaza 3 ba ta wuce 18. Amfanin lambobin shi ne su raba iyawar ɗan wasa da iyawar jaruminsa, kuma a nan ne maganar abokinka ta fara rauni. A Free Fire, idan ka harbi abokin gaba ka same shi, mafi yawa saurin yatsanka ne da kaifin idonka suka yi aikin. A RPG kuwa, mai sanyin jiki yana iya riƙe jarumi mai zafin nama, mai kunyar magana ya riƙe jarumin da ke iya sauke fushin sarki da lafazi, domin takardar ce ake dubawa.

Ga yadda abin yake a aikace. Mu ƙaddara jaruminka falke ne a zamanin da, ya iso Ƙofar Doka a Zariya bayan magariba ya tarar an rufe, jakunansa sun gaji, ga hadari ya haɗu. Jagoran wasa, wanda shi ne ke ba da labari yana kuma riƙe da duk sauran mutanen duniyar, zai ce maka mai gadi ya tokare ƙofa da mashi, me za ka yi? Kana iya roƙonsa, ko ka miƙa masa goro da 'yan kuɗi, ko ka zagaya ka nemi inda ganuwa ta zube, ko ka haƙura ka kwana a waje. Idan ka zaɓi roƙo, jagora zai sa maka iyaka, misali 15, ka jefa dayis mai fuska 20. Sai 11 ta fito, aka ƙara maka 3 saboda kwarjinin jaruminka, ka tashi da 14. Maki ɗaya ya hana ka, mai gadi ya ƙi, kuma babu batun a sake jefawa. Dole labarin ya bi ta inda faɗuwar ta kai shi: wataƙila ɓarayi su far wa kayanka cikin dare, wataƙila ka haɗu da wani matafiyi a bakin ganuwa wanda zai zame maka abokin tafiya har ƙarshe. Ba don ƙa'idar da dayis ɗin ba, da abin ya zama tatsuniyar da kowa ke jan ta inda yake so, mai ƙarfin murya ya yi rinjaye.

Sai kuma girma. Jarumi yana tara makin ƙwarewa daga abin da ya fuskanta, idan makin ya kai wani adadi ya hau mataki, yawan raunin da zai iya jurewa ya ƙaru, ya koyi sabuwar dabara. Wannan ne sashen da ya fi sauƙin kwaikwayo, shi ya sa yau kusan kowane wasan waya yana da mataki da maki, har da na ƙwallo. A ganina a nan ne mutane da dama suke ruɗewa. Hawa mataki kaɗai ba ya mayar da wasa RPG. Tambayar da zan so ka yi wa abokinka ita ce: shin duniyar wasan tana tuna abin da ka aikata? A Free Fire da zarar an gama zagaye komai ya goge, a sake saukowa daga jirgi kamar ba a taɓa yi ba. A The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015, shawarar da ka yanke a wani ƙauye tana iya dawo maka bayan sa'o'i masu yawa na wasa, har ta sauya yadda labarin zai ƙare.

Adalci ne kuma in faɗi inda iyakar take da duhu. Wasannin Japan irin su Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987 ba su cika ba ɗan wasa zaɓi a kan labari ba, hanya ɗaya ce aka shimfiɗa masa, amma kowa ya yarda RPG ne, saboda jarumi da lambobinsa da girmansa su ne ƙashin bayan wasan. Haka nan Aurion, wanda kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde a Kamaru ya fitar a 2016, ya haɗa faɗa mai buƙatar saurin hannu da tsarin girman jarumi. PES dai, ko a sashen da kake rainon ɗan ƙwallo ɗaya, aro ya yi daga RPG, amma wasan ƙwallo ne.

Tambaya: Malam, ɗana yana yawan roƙona kuɗi wai zai buɗe sabon jarumi a wani wasan RPG na waya. Shin biyan kuɗi yana cikin ƙa'idar irin wannan wasa ne? Daga wata uwa, Malali, Kaduna.

Amsa: A'a, Hajiya, ba ya ciki. Abin da ɗanki yake nufi tsarin kasuwanci ne da wasu kamfanoni suka ɗora a kan wasan, inda ake sauke shi kyauta, sannan a sayar wa ɗan wasa damar jan ƙuri'a, ya biya ba tare da sanin abin da zai fito masa ba. Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, yana cikin sanannun da ke aiki da wannan tsari. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne a dokar ƙasar. Ki tambaye shi ko kuɗin na sayen abu sananne ne ko na gwada sa'a, kuma kada ki bar katin bankinki a haɗe da wayar da yake wasa da ita.

Tambaya: Malam, mu huɗu ne muke son gwada na tebur, amma ba mu da littattafan kuma ba mu da dayis mai fuska 20. Zai yiwu? Daga wani matashi, Rigasa, Kaduna.

Amsa: Zai yiwu ƙwarai. Traveller, wanda ya fito a 1977, da dayis biyu masu fuska shida ake yin sa, irin waɗanda ke cikin kowane kwalin ludo, kuma akwai Amber na 1991 da ba ya amfani da dayis ko kaɗan. Ɗayanku ya zama jagora, sauran ukun kowa ya rubuta sunan jaruminsa da abu uku da ya iya da abu ɗaya da ke ba shi wahala. Ku amince tun farko cewa jimillar 8 ko sama da haka nasara ce, a ƙara 2 idan aikin yana cikin abin da jarumin ya iya, a rage 2 idan ya faɗa a kan rauninsa. Shawarata ga jagoran ita ce kada ya rubuta ƙarshen labari tun daga gida. Ya tanadi gari da mutanensa da matsala guda, ya bar sauran ga abin da 'yan wasa suka zaɓa da abin da dayis ya nuna.