Launin atamfa a waya ya saɓa da na zahiri

Hajiya, kin ce atamfar da kike ɗauka hoto a Kantin Kwari tana fitowa da wani launi daban, ko ki sayi waya mai tsada?

Ki dakata tukuna. Yawancin wayoyi masu nau'in gilashin allo da ake kira AMOLED an saita su suna ƙara wa launi kaifi, ja ya koma kamar tattasai. In Samsung ce, ki shiga saitin allo ki mayar da shi Natural daga Vivid. In kuwa an taɓa canja miki gilashi, wataƙila kwafi aka sa, launinsa dishi-dishi.

Batun waya mai tsada kuwa, Tecno ma ta shiga sahun manya da wayoyinta na Phantom, har da mai naɗewa a 2023. In za ki saya, ki tafi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da ƙyallen a hannu ki gwada. Hoto kuma a inuwa da hantsi, ba ƙarƙashin ƙwan shago ba.