Gaskiya ne littattafan John Dee sun fi na jami'a yawa?

Ka tambaya ko laburaren John Dee, masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 16, ya fi na jami'o'in Ingila a zamaninsa. Ƙwarai kuwa, malam. A gidansa na Mortlake, bakin kogin Thames, masanin lissafin nan ya tara littattafai kusan 4,000 a ƙirgensa, har da rubutun hannu da suka watse bayan an rushe gidajen sufayen Kirista. Tun 1556 ya roƙi Sarauniya Mary ta kafa laburaren ƙasa, aka yi kunnen uwar shegu da shi, sai ya tara nasa.

Tafiyarsa Poland a 1583 ce ta jawo masa asara. Da ya dawo a 1589 ya tarar an yi wa gidan wasoso. Abin takaici, har da na kusa da shi a masu ɗibar, wani ma kankare sunan Dee ya riƙa yi daga shafin farko yana rubuta nasa.