'Yata tana hadda amma ba ta gane ma'ana: in bar ta a ajin katekizim?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. 'Yata mai shekara 9 tana ajin katekizim, wato ajin koyon tushen bangaskiyar Kirista ta hanyar tambaya da amsa, a majami'armu. Tana rera Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiyar Manzanni kamar waƙa, amma in na ce ta yi mini bayani sai ta yi tsuru-tsuru. Kuma da Turanci ake koya musu, alhali Hausa muke yi a gida. Haddar nan tana da amfani kuwa, ko in jira sai ta ƙara wayo? Daga wata uwa a Tudun Wada, Jos.

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya. Kada ki cire ta. A shekarunta ƙwaƙwalwa tana kama abu da sauri, kuma abin da ya zauna yanzu da wuya ya fita. Sai dai hadda rabin aiki ce. Ragowar rabin, wato bayani, yawancinsa a gida ake yi, kuma tun asali haka aka tsara abin.

A shekarar 1529 Martin Luta, malamin da majami'ar Lutaran ta samo sunanta daga gare shi, ya rubuta ƙaramin katekizim ɗinsa bayan ya zaga majami'un ƙauyuka a Jamus, ya tarar mutane da yawa ko Addu'ar Ubangiji ba su iya ba. A kan sassan littafin ya nuna cewa maigida ne zai koya wa iyalinsa. Bayan kowace doka kuma ya sa tambaya: mene ne ma'anar wannan? Katekizim na Haidalbag, wani birni a Jamus, na shekarar 1563, tambayoyi 129 ne, aka raba su a kan Lahadi 52, wato biyu ko uku a mako. Masu tsara shi ba su yi gaggawa ba. Mu ne yau muke ɗura wa yara tambaya goma a zama ɗaya don jarrabawar baftisma ko ta tabbatarwa ta matso. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaro yakan ci jarrabawar ya fita bai taɓa yin tambayarsa ta kansa ba.

Littafi Mai Tsarki kuwa ya ɗauka yaro zai yi tambaya. Duba Maimaitawar Shari'a 6:20 da Fitowa 12:26: ɗa ne yake tambaya, iyaye suna amsawa. A Luka 2:46 an sami Yesu, yana da shekara 12, zaune a tsakiyar malamai yana sauraro, yana kuma yi musu tambayoyi.

Ga yadda za ki yi. Ki ɗauki abu ɗaya tak a mako, a ce dokar nan ta kada ka yi sata. Ranar Lahadi da yamma ta karanto miki ita yadda aka koya musu. Ran Talata, kina gyaran kayan miya tana kusa, ki ce: "Da na aike ki shago, mai shago ya yi kuskure ya ba ki canji da ƙarin naira ɗari, me za ki yi?" Ki yi shiru ki saurara. Wataƙila ta ce ai ba ita ta ɗauka ba, shi ya ba ta. To, a nan karatun ya fara. Kada ki yi mata faɗa, ki tambaye ta yadda mai shagon zai ji in ya ƙirga cinikinsa da dare. Luta ma da ya zo bayanin wannan dokar bai tsaya ga hani kaɗai ba, ya ce a taimaki maƙwabci ya kiyaye dukiyarsa. Yarinyar da ta mayar da naira ɗarin nan ta gane dokar, ko da ba ta iya jera bayaninta ba.

Batun harshe ba abin tayar da hankali ba ne. Ta ci gaba da haddarta da Turanci tare da 'yan ajinsu, ku kuma ku tattauna da Hausa. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ga kuma Littafin Waƙoƙi. Ki buɗe mata ayar da amsar ta fito daga ciki, ta karanta da bakinta. In babanta yana gida, shi ma ya ɗauki wani dare.

Wasu abubuwan, kamar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba za ta gane su sarai a shekara 9 ba. In ta yi tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce mata za ku kai wa fasto ko katikis tare, ku kuma kai ɗin.

Ki lura da abu ɗaya: majami'u sun bambanta. Katolika da Angilikan da Lutaran suna yi wa jarirai baftisma, aji ya biyo baya. ECWA da Baftis kuwa sai mutum ya shaida bangaskiyarsa da bakinsa. Don haka ki yi amfani da littafin ikilisiyarku, kada ki haɗa mata biyu ta rikice. Ki je wurin malamin ajin bayan sujada, ki roƙe shi ya riƙa faɗa miki tambayar mako mai zuwa. In kuma kin ji ana dukan yara don sun manta amsa, ki kai maganar gaban dattawan ikilisiya a makon nan.